Alhaji, Kashe Katafilar Mu Gaisa

Sannu da aiki, Alhaji. A'a, kada ka sauko, zauna a motarka, gilas kawai za ka ɗan zuge. Na san abin da ke bakinka tun kafin ka buɗe shi, domin duk sanda aka ta da zancen tsofaffin gine-ginen Kano, tambaya ɗaya ce ke fitowa daga gare ka da 'yan majalisarka: "To, tarihi za mu ci?" Tambaya ce mai kyau, kuma za a amsa maka. Amma ba kai kaɗai ne a layi ba, akwai wasu a bayanka, kowa da tasa hujjar a hammata. Da kai za a fara, tunda kai ke sayen man katafilar.

Kai ne fa idan aka haɗu a Legas ko a Jidda aka tambaye ka daga ina, sai ka gyara zaman hula ka ce, "Kano, kuma cikin badala." Mutumin Hotoro da na Rijiyar Zaki duk baƙi ne a wurinka, jiya suka zo. To madalla. Wace badalar? Wadda kake taƙama da ita a ƙasar mutane, ko wadda ka sa aka baje don masu zuwa shagunanka su samu wurin ajiye mota?

Bari in tuna maka abin da kake bajewa. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ɗora ganuwar nan. Muhammadu Rumfa, da ya hau a 1463, ya faɗaɗa ta, kuma a zamaninsa aka kafa Kasuwar Kurmi da gidan sarautar da ake zaune a ciki har yau. Muhammadu Nazaki ya ƙara mata faɗi a ƙarni na 17, har zagayenta ya doshi kilomita 20. Da Turawa suka iso a Fabrairun 1903, Gwamna Lugga ya rubuta wa magabatansa cewa tsayinta ya kama daga ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta a gindi ƙafa 40. Igwa ta yi ta aman wuta a jikinta, ƙasa ta haɗiye harsashi ta yi gum, sai da suka koma kan ƙofa, ta wajen Kabuga, sannan suka samu shiga. Abin da igwar Ingila ta kasa, mu mun gama shi da shebur da baro da takardar fili. A nan kam a jinjina mana.

Kuma ba a yini ɗaya ake cinye ganuwa ba, abin da tsarinsa, kowa a birnin nan ya san shi. Da fari wani zai zo da asuba ya ɗebi ƙasa a gindinta, wai zai toshe tsaga a katangar gidansa. Ramin da ya bari ya zama juji. Jujin ya zama wurin zagayawa. Sai mai shayi ya kafa tebur a gefe, bakanike ya jingina tayoyi, mai cajin waya ya ajiye kwantena. Can sai ka ji an ce wurin ya zama matattarar 'yan shaye-shaye, dole a yi wani abu. Wani abun kuwa kullum bulo ne. A sauke shi da daddare, kafin Juma'a ta zagayo an kai linta, kafin azumi an zuba dakin, an rataya allo cewa akwai shago na haya. In ka nemi takarda, akwai ta, da hatimi da sa hannu. Ba wanda ya rushe ganuwa, kowa ɗan gefensa kawai ya gyara.

Yanzu ga amsar tambayarka. Ba zan yi maka ƙaryar cewa jiragen 'yan yawon buɗe ido za su cika filin jirgin Malam Aminu Kano gobe idan ka bar bango ba. Lissafin ya fi haka sauƙi, kuma kai ɗan kasuwa ne. Shago ana gina shi a Dawanau, ana gina shi a Dangwauro, ana gina shi a hanyar Wudil, fili ne har inda ido ya tsaya. Ganuwa kuwa wuri ɗaya gare ta a duniya, in ta tafi ba ta da reshe. Ka rushe abin da babu irinsa, ka gina abin da ake da dubunsa, sannan ka ce mu ne ba mu san kasuwa ba.

Ko don dukiyarka ma ai ka ji tsoro. A 2023 kowa ya ga yadda wata gwamnati ta zo ta rushe abin da wadda ta gabace ta ta ba da izinin ginawa, a filin Idi da sauran wurare. Masu shaguna suka yi asara, aka yi ta zaryar kotu. Wanda ya gina a kan abin jama'a, da zaɓe yake kwana, da zaɓe yake tashi. Sannan ga kududdufai. Daga cikinsu magabata suka haƙi ƙasar gini, su kuma ramukan suka zama mazubar ruwan unguwa. An cike su da shara da ɓaraguzai, an yanka filaye. Ruwa bai san takardar mallaka ba, inda ya saba kwana nan yake nema, ko da ya tarar da buhunan shinkafarka a wurin.

Injiniya, na ga kana ɗaga biro. Ka ce ginin ƙasa haɗari ne, kuma a nan zan ajiye wasa. A Agustan 2023 wani sashe na rufin Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta ana cikin salla, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. A Satumban 2024 tsohon masallacin ƙasa na Damagaram ya faɗi bayan mamakon ruwa. Babu bangon da ya kai ran mutum ɗaya daraja. Ginin da ya zama barazana, a fitar da mutane daga cikinsa yau, a tokare shi, sannan a yi shawara. Mun yarda.

Amma ka faɗi sauran maganar mana. Benen nan mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi a Nuwamban 2021, ya hallaka mutane fiye da 40, tubali nawa ne a jikinsa? Siminti da rodi ne zalla. Ban ji ka ce a haramta siminti ba, cewa ka yi a bi ƙa'ida. To ƙasa ma tana da tata ƙa'idar. Ginin ƙasa kamar dokin hawan salla ne, wanda bai ba shi harawa duk shekara ba, kada ya zarge shi ran hawa. Kafin damina a share rufi, a buɗe indararo, a duba azara, a toshe tsaga, a sabunta yaɓe. Shi ke nan bukatarsa. A Jenne ta ƙasar Mali, masallacin ƙasa da aka sake ginawa a 1907 yana tsaye, don duk shekara gari ne ke fitowa, yara da manya, a kwaɓa laka a yaɓe shi. Itatuwan da suka leƙo daga jikin bangonsa su ne matakalar masu yaɓe, tun ran gini aka yi tanadin gyara. Mu ma haka ganuwarmu ta rayu, kowane yanki da nasa kason da zai gyara. Wani aikin gayya ne, wani kuma, in za a faɗi gaskiya, na tilas ne. Da aka daina tilas, sai ba a kawo komai a madadinsa ba.

Abin da ka kawo a madadin shi ne filasta. Ka ga bangon ƙasa, ka ji tausayinsa, ka lulluɓe shi da siminti. Ƙasa kuwa numfashi take yi, ta sha danshi ta fitar. Siminti ya kulle danshin a ciki, bango ya riƙa narkewa a ɓoye, waje sumul, ciki gari. Ran da ya zube sai ka ce, "Ai na faɗa." Kai ka shaƙe shi, Injiniya, kai kuma ka rubuta takardar mutuwarsa.

Shiga soron Gidan Makama da azahar a watan Afrilu, ka ɗaga kai. Dubi yadda aka ɗaura azarar giginya, wadda gara ba ta cika yi wa komai ba, aka lanƙwaso bakan gizo daga bango zuwa bango, aka haɗe a tsakiya ba tare da rodi ko ɗaya ba. Taɓa bangon da tafin hannunka. An jera tubali ne, mai faɗin gindi da tsinin kai, kauri ya tafi yana raguwa har sama, aka kawo makuba daga kwasfar ɗorawa da katsi daga marina don kada ruwa ya ratsa. Waje rana na ƙona ƙeya, ciki sai ka ji kamar ka shimfiɗa tabarma. Daga nan ka koma filazarka mai rufin kwano da gaban gilas, ka jira a ɗauke wuta, mu ga wanda zai fara fita da gudu. Ba cewa na yi ka bar karatunka ba. Cewa na yi Sarkin Magina ma malami ne, kuma ba ka taɓa zama darasinsa ba.

Za ka ce titi fa? Motar asibiti da ta kashe gobara ta ina za su wuce? Gaskiya ne, ƙofar da aka auna da raƙumi ba za ta ɗauki tirela ba. Da wannan hujjar aka rushe Ƙofar Na'isa a 2010, aka faɗaɗa hanya, aka tsayar da wata ta siminti a gurbinta, da fenti da zankwaye. Sai dai garuruwa da yawa a duniya sun tarar da irin wannan matsala, suka raba titi biyu ya zagaye tsohuwar ƙofa, aka bar ta a tsakiya. Zanen nan bai fi ƙarfin biron da ke hannunka ba. Ita kuwa sabuwar ƙofar, suna kawai ta gada.

Allah ya gafarta Malam, na ji gyaran murya. Ka ce duniya ba gidan zama ba ce, bango ba ya ceton kowa, kuma kana jiye wa jama'a kada girmama kufai ya kai su inda bai dace ba. To ba wanda ya ce a yi wa bango sujada, yaɓe aka ce a yi masa. In kuma gudun duniya ake yi, ai bene mai hawa biyar ya fi soron kakanmu nuna dogon buri. Kai ne kake ba ɗalibai labarin yadda Shehu Magili ya zo Kano zamanin Rumfa, ya rubuta wa sarki nasiha kan mulki. Yaro ya tambaye ka a ina, ka kama hannunsa ka kai shi lungunan Sharifai, ka nuna masa irin zaurukan da aka yi ƙarnuka ana wanke allo a cikinsu. In sun tafi, sai dai ka nuna masa shagon sayar da gidan waya ka ce ya ƙaddara.

Alhaji ya samu ƙarfi, ya ce ai ko a Makka an rushe tsofaffin gine-gine. An rushe kam, har su kansu masana na can suna ta muhawara a kai. Amma can hujjar ita ce miliyoyin mahajjata da ke neman wurin sa goshi. Kai filazarka wa ke yi mata ɗawafi? Kuma tunda ka kawo Saudiyya, ka ƙarasa. Dir'iyya, mazaunin farko na gidan Sa'ud kusa da Riyad, ginin laka ce. Unguwar Turaif da ke can ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2010, kuma masu man fetur suna zuba kuɗi suna gyara bangon ƙasa. Dubai da kake son Kano ta koma, ta bar tsohuwar unguwar Bastakiyya da lungunanta da hasumiyoyinta na shan iska a tsakiyar benayen gilas. Ka je can, ka tsaya a jikin tsohon bango, ka ce a ɗauke ka hoto. Ka dawo gida ka kira mai katafila.

Hajiya, ke kam ba zan yi miki gardama ba, don ke kika fi kowa gaskiya a taron nan. Kin ce mu maza muna zaure muna yabon tarihi, ke ce mai jera kwanuka a tsakar ɗaki in hadari ya haɗo, ke ce mai share garin ƙasa a kan gado, ke ce mai farautar kunama da fitila. Haka ne. Shi ma ɗanki ba mugu ba ne. Maigida ya rasu ya bar magada ashirin da wani abu, kowa da bukatarsa, gida ɗaya. Ba mai sa kuɗinsa a gyaran abin da ba nasa shi kaɗai ba. Indararo ya toshe, ruwa ya kwana a rufi, azara ta jiƙe, soro ya tsage. Sai ga dillali da sallama, wai akwai wani bawan Allah da zai saya da daraja, filin yake so ba ginin ba. Wa zai ce musu kada su sayar? Wanda ya ce a bar gida don tarihi, bai ba da ko buhun makuba ba, wa'azi kawai ya yi da aljihun wani.

Saboda haka ba cewa ake a bar kowane kango ba. Yawancin gidajen ƙasa za su tafi, kuma ba laifi. Abin da ake nema ƙidaya ce da zaɓe. A bi unguwa-unguwa a rubuta waɗanda babu irinsu, sauran ganuwa da ƙofofi, gidajen sarauta da na malamai da na manyan fatake, marinar Ƙofar Mata, lungunan Kurmi. Gidan da ya shiga rajista, gwamnati ta ɗauki rabin nauyin yaɓensa, a yafe masa haraji, a bar masu shi su ja famfo da wuta, su gina banɗaki na zamani a ciki. In magada sun matsu, a saya a hannunsu da farashin kasuwa. Sannan a ba ginin aikin yi, don gidan da ba a shiga shi ke fara mutuwa. Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya fara makaranta a 1909, yana nan don an mai da shi gidan tarihi. Haka ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu.

Ko Amurka, uwar 'yan jari-hujja, sai da ta ƙone hannu ta koyi darasi. A 1963 aka fara rushe tashar jirgin ƙasa ta Penn a birnin New York, ginin da mutanen garin ke alfahari da shi. Takaicin abin ya taimaka aka yi dokar kare gine-ginen tarihi a 1965. Da masu tashar Grand Central suka so ɗora mata dogon bene aka hana su, suka kai ƙara har Kotun Ƙoli, a 1978 kotu ta ba birni gaskiya. Amma ba a bar mai gini hannu rabbana ba, an ba shi damar sayar wa maƙwabta haƙƙin benen da aka hana shi hawa. Ka ga, Alhaji, har iskar saman gini ta zama haja. Wannan dabara ai da Bakano ya kamata ta fara.

Doka kuwa muna da ita, a takarda. Tun 1979 aka kafa hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa. Amma ku tambayi Legas labarin Ilojo Bar, gidan nan mai salon ginin Barazil a dandalin Tinubu, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. Ran 11 ga Satumban 2016, jajiberin Babbar Salla, ofisoshi a rufe, katafila ta shafe shi. Mai rushewa ya iya duba kalanda. Tara ba ta ba shi tsoro, cikin kuɗin gini yake lissafa ta. Hukuncin da zai ji a jikinsa ɗaya ne, duk wanda ya rushe ginin da ke rajista, ba za a ba shi izinin ɗora ko bulo ɗaya a filin ba, sai dai ya mai da abin da ya rushe da kuɗinsa.

Kai kuma Bazazzagi, tun ɗazu nake jin dariyarka a baya, wai yau Kanawa sun shiga uku. Matso kusa. Ina taku ganuwar? Wanda yake son ya ga yadda masallacin Babban Gwani Muhammadu Durugu yake a fili, wanda aka gina a shekarun 1830, kafin ku lulluɓe shi da sabon gini, sai ya hau mota zuwa Jos, inda aka yi kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya. Mu ma kwafin ganuwarmu na can kusa da shi, don haka kuɗin mota ɗaya za mu biya. Katsinawa su gode wa Allah da hasumiyar Gobarau ba ta da faɗin da za a yanka shaguna. Mutanen Agadas ne kaɗai ke da bakin dariya. Tsohon garinsu da hasumiyarsa ta laka mai tsayin mita 27 sun shiga jerin UNESCO a 2013. Ganuwar Kano tun 2007 take layin jira, kuma kowace shekara abin da za a nuna wa masu dubawa raguwa yake.

To ga ciniki, Alhaji, irin wanda kake so. Zaɓi abin da ya rage tsakanin ƙofa biyu, ka ɗauki nauyin yaɓensa duk shekara. A kira magina na gaske, su zo da yaransu su koya, a kwaɓa ƙasa, a yi girki, a yi kiɗa. Kuɗin bai kai abin da aka liƙa a dinar 'yarka ba. Za a kafa allo da sunanka da manyan baƙaƙe, har da na mahaifinka, maroƙa su faɗa a rediyo, kuma babu gwamnatin da za ta zo ta shafa masa jan fenti. Injiniya ya auna, Malam ya yi addu'a, Hajiya ta duba ko aikin ya yi. Bazazzagi in ya zo kallo, kuɗin shigarsa ninki biyu ne.